Ruwan Alwalar Surukina

Ina sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titin Kwanar Dangora, kuma da hannuna na kafa sana'ar. A duk abin da na taɓa saya, babu kamar wata 'yar shuka da na karɓa hannun wani direba da ya biyo ta Doguwa daga Jos. Ganyenta kauri, launin toka, bakinsa ja, a jere kamar an shirya shi da hannu. Ko sunan Hausa ba ta da shi. Wani mai otal a Kano ya ganta, ya ce duk 'ya'yan da ta yi nasa ne.

Rainonta haƙuri ne. Ka ɓalle ganye, ka bar shi a inuwa har bakin ciwon ya bushe, ka kwantar da shi kan yashin rafi da dakakken gawayi. Saiwa ta fito siririya kamar gashi. Ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe ƙayau, in ya yi yawa ruɓewa take. Don kada a sace, na haɗa uwar da ƙananan da ta yi a kasko ɗaya na kai gida.

Sai mahaifin matata ya zo daga Badafi jinyar ƙafa, ya sauka wurinmu. Manomi ne, ba ya son ruwa ya zuba a banza, duk inda ya ga tsiro nan yake alwala. Ya ga kaskona, ya mayar da alwalarsa kansa.

Na roƙi matata ta yi masa magana, ta ce bakinta ba zai iya ba. Ni kuwa suruki ne, ko ido ba ma haɗawa. Na mayar da kaskon bayan rumbu, ya bi shi da buta yana ɗingishi. Na jiyo yana ce mata, "Mijin nan naki ciniki ya iya. Shuka a yashi kamar gyaɗar suya, ba taki ba ruwa?" Ranar da na tafi kasuwar Kafin Maiyaki ya lulluɓe ƙananan da kashin awaki, ya shayar da su har suka yi iyo.

Gindin uwar ya yi baƙi, ganyen ya zama kamar dafaffiyar kuɓewa. Ko ɗaya ban tsira da shi ba. Mai otal ya daina ɗaukar wayata, direban ma ya ce inda ya samo babu saura.

Da tsohon zai koma, ya leƙa kaskon ya girgiza kai. "Da na zo da wuri da ta rayu."

Na durƙusa na ce, "Haka ne, Baba. Allah Ya saka da alheri." Na ɗaukar masa jaka har tasha.