Ranar da Kaza ta ɓace a sama

Iyaye, ku daina ɓoye wa yara ciwon manya.

Shekaranjiya bayan magariba na tarar da 'yata Hauwa'u, mai shekara bakwai, a bayan rumbu tana duban sama, ta ƙi taɓa tuwonta. Wata biyu ke nan mahaifiyata, Inna, tana kwance a gidanmu na Paki, ɓarin jikinta ya shanye. Kullum ce wa yarinyar muke zazzaɓi ne.

Ta ce, "Umma, Kaza ta ɓace. Inna ta ce ita ce Kazar, mu ne 'ya'yan. In na gan ta, na san Inna za ta kwana."

Taurarin nan take nufi, Kaza da 'ya'yanta.

Na ce, "Duk gabanin damina takan ɓuya, kuma takan dawo."

"To Inna ma za ta tashi?"

Na kasa yi mata ƙarya. Na ce, "Jikin ya tsananta. Allah kaɗai Ya sani."

Ta sha kuka, sannan ta je ta riƙe hannun kakarta.

Wata biyu tana ɗauke da wannan fargaba ita kaɗai, mu muka jawo. Ku ya kuke yi da naku?

Ni dai daga yau, a gidana, yaron da ya tambayi jikin mara lafiya gaskiya za a faɗa masa, a koya masa addu'a.