Yarinyar da Ta Rubuta Sunana a Asibiti

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da aka kira ni daga wani asibiti a Paris saboda yarinyar da ban ko iya faɗin sunanta daidai ba.

Lokacin ina karatu a Lyon, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan ɗaki a unguwar Guillotière. Bayan darasi nakan yi aiki a zauren wata ƙungiyar ƙwallon hannu ta mata, in wanke riguna, in kankare ƙaron da suke shafa wa yatsu don ƙwallo ta kamu. Cikin 'yan wasan akwai wata 'yar Rasha, doguwa, bahaguwa, da ƙyar ta kai shekara ashirin. Tun tana ƙarama take wasan a garinsu, ta bi ƙungiya bayan ƙungiya har aka ɗauko ta a kan yarjejeniyar shekara guda. In ta yi tsalle ta saki ƙwallo, mai tsaron raga sai dai ta ji ƙara. Amma Faransancinta kame-kame ne, sauran kuma sun gaji da maimaita mata magana. Ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tafiya.

Ni kuwa 'yar Damagaram ce, bakina bai iya guntuwar gaisuwa ba. Mutanen nan kalma ɗaya suke jefa maka su wuce, ni sai na jero duka da Faransanci: kin tashi lafiya, ya gajiya, ya gida, ya Mama. Sauran dariya suke mini. Ita kaɗai take tsayawa ta ce lafiya lau. Maganar gaskiya, ban taɓa sauraron amsar ba. Hannuna na cikin kwandon wanki, hankalina na kan jarrabawa.

Ana nan, a wani wasa ta diro ba daidai ba, gwiwarta ta goce. Aka tura ta Paris don a yi mata aiki. Ban ƙara bi ta kanta ba, don na ɗauka tana da masu kula da ita.

Wata safiya wayata ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ce an gama wa 'yar Rashan nan aiki, amma ba za a sallami marar lafiya ba sai wani nata ya zo, kuma sunana da lambata ta rubuta. Na ce kuskure ne. Ta sake karanto mini sunan. Ashe daga takardar ma'aikata da ke manne a bangon zauren yarinyar ta kwafe shi. Da farko haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Sai na tuna a gida ko baƙo ne ya kwanta asibiti ba ya rasa mai jinya. Na hau jirgin ƙasa.

Na same ta zaune a bakin gado, sanduna biyu jingine da bango, jakarta a ɗaure tun safe. Ƙungiyar ta tafi wasa wani gari. Na tambaye ta me ya sa ni.

“Ke kaɗai kike tambayar mahaifiyata,” in ji ta.

Kunya ta rufe ni. Don in gyara, na miƙa mata wayata na ce ta kira ta, ta shaida mata an yi aiki lafiya. Ta mayar mini da wayar.

“Ta rasu wata biyu kafin in zo Faransa. In kin tambaya na ce lafiya lau, sai in ji kamar tana can gida tana jiran sakamakon wasa.”

Ban san lokacin da na zauna kusa da ita ba. Ni ma na yi wata da watanni babu wanda ya tambaye ni tawa uwar. Muka yi kukanmu, na ɗauki jakarta muka fito.

Na yi jinyarta a Lyon har ta ajiye sanduna. Gwiwar ba ta koma yadda take ba, ba a sabunta mata yarjejeniya ba. Ta koma ƙasarsu, yanzu yara mata take koya wa wasan.

Har yau ban rage tsawon gaisuwata ba. Sai dai tun ranar na gane abin da na mayar al'adar baki kawai, wani shi yake jira tun wayewar gari. Shi ya sa yanzu in na ce ya gida, nakan ajiye abin da ke hannuna in jira amsa.