Kujerar Roba a Zauren Kawu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, duk maudu'in da na kai wa malamin da ke duba aikina sai ya ture shi gefe. Wannan ya yi faɗi, wancan an tauna shi har ya salamce. Rannan ya ɗago kai ya dube ni da wata fara'a da ban san shi da ita ba.

"Ba a Sabo kake ba, unguwar Hausawan garin nan? To me kake nema a nesa? Rubuta yadda fatake ke sauka gidajen masu masauki, a sayar musu da kaya bisa amana. Kai ɗan gida ne, ba mai rufe maka ƙofa."

Fara'ar nan ba ta kwanta mini ba. Mutumin da bai taɓa tambayar inda nake kwana ba, yau shi ya san ƙofofin unguwarmu? Na zargi littafinsa yake so ya rubuta da ƙafafuna. Amma maudu'in mai kyau ne, bayanai kuma suna nan a zauren kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Shi mai masauki ne. A tabarmarsa na girma, kusa da gwiwarsa, ina jin cinikin goro da albasa tun ban san kan maganar ba.

Bayan la'asar na zauna wurina na kullum na ce, "Kawu, makaranta ta sa ni in yi bincike a kan harkar gidan nan."

Wani farke da bai daɗe da isowa daga tashar Ojoo ba ya jawo jakarsa ya danne da cinya.

"Bincike?" in ji Kawu. "Wa ya kai ƙara?"

Sai a lokacin na ji kalmar da kunnensu. A wurinmu 'yan boko, bincike karatu ne. A wurinsu kuwa, shi ne abin da masu kaki ke yi idan sun tare mota a hanya, su farke buhu, su zazzage kaya. Na yi ta gyara zance: nazari ne, tarihi ne kawai.

"To me ya hana ka ce nazari tun farko? Shi ogan naka, in ka gama, wa zai miƙa wa takardar?"

Ni ma ban yarda da malamin nawa ba. Kawu kuma ya ga haka a fuskata.

Daga ranar, kowace tambaya amsarta ɗaya. Yaya ake raba la'ada? Alhamdu lillahi. In baƙo ya yi asara fa? Allah shi kyauta. Haushi ya ishe ni, har na fara zargin suna haɗa baki kafin in shigo, kuma ina jin ban yi musu ƙarya ba. Da tsofaffin littattafai na cike aikin, na buga shi a wani shago a unguwar Mokola, aka ba ni maki mai kyau.

Ranar da na zo da labarin, na cire takalmi zan hau tabarma, sai Kawu ya tashi da kansa ya ɗauko kujerar roba, wadda ake ajiye wa ma'aikatan gwamnati idan sun zo.

"Bisimilla, Malam," ya ce. "Zauna nan, kada wandonka ya yi datti."

Na zauna. Har yau in na je, ita ake kawo mini.