Igiyar cocin Gebre

Shekara huɗu ke nan da kashe Gebre, kuma har yau idan na ɗaga kai a Dubai na ga mutum yana lilo a jikin bene yana wanke gilashi, sai gabana ya faɗi.

Mutumin Habasha ne, Kirista. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Al Muraqqabat, ni ina aikin ofis, shi yana wankin gilashin benaye da igiya. Nakan tsokane shi cewa ba mai hankalin da zai yi wannan sana'a. Sai ya yi dariya ya ce, "Habibi, a kan igiya aka yi min baftisma."

Ba wasa yake yi ba. Cocin ƙauyensu a cikin dutse aka sassaƙa ta shekaru aru-aru da suka wuce, can ƙoli. Ginshiƙanta da rufinta duk dutse ɗaya ne, ba tubali ba itace. Ba matakala. Da igiyar fata ake hawa, tsofaffi kuma a ɗaure su a ƙugu a ja su. In maƙiya suka zo, jama'a su hau, a naɗe igiya.

Da yaƙi ya ɓarke a yankinsu, ya ajiye aiki ya tafi ɗauko mahaifiyarsa. Na yi masa faɗa sosai, bai ji ba. Ya tarar ƙauyen duk ya taru a gindin dutsen. Shi ya fi kowa iya ƙulli, sai ya tsaya a ƙasa yana ɗaure mutane ana ja. Ya ɗaure mahaifiyarsa ke nan 'yan bindiga suka iso. Ƙaninsa ya ce min ya ji shi yana ihu a ja, kada a sake sako igiyar. Suka harbe shi a ƙafafu, suka sare masa hannuwa da adda, suka farfasa kansa a jikin dutsen. Na sama suna kallo. Gawarsa ta kwana biyu a rana kafin a iya saukowa.

Yanzu an ce ana shirin kafa wa cocin matakalar ƙarfe saboda masu yawon buɗe ido. Da yana raye da ya yi masifa, ya tambaye su wa zai naɗe matakala ranar da maƙiya suka dawo.

Ina kewarsa, kuma har yanzu ina jin haushinsa. Amma tsohuwar tana nan da ranta. Ƙullin da ya yi mata a ƙugu, ba wanda ya iya kwance shi. Sai da aka sa wuƙa.