Ranar da Mama Ta Ce wa Maigidanta Za Ta Zo

Yayana ya tafi Sifen karatun noma, ya ƙare da mata da ɗa. Mu kuma a Samaru muka ƙare da waya. Duk Lahadi in an taso daga coci sai mu jingina ta da gwangwanin madara a kan tebur, Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali, a kira su.

Yaron ne matsalar. A wajenmu jika namiji mijin kakarsa ne. Ta ce masa maigida, ta ce masa marowaci, shi kuma ya ce mata tsohuwa, ya ɓoye mata takalmi. 'Ya'yana sun gama raina Mama, ita kuwa daɗin abin take ji. Amma na Sifen, da ya ga fuskarta sai ya ɗaga hannu cikin ladabi ya sulale. Ba ya jin Hausa, ita ba ta jin yarensu.

"Wannan wane irin miji ne?" in ji ta. "Ko zagina bai taɓa yi ba."

Muka yi ta dariya, amma na san abin yana cin ranta. Tsoronta kada yaron ya girma yana kallonta kamar mai karanta labarai a talabijin.

Sai ta tuna da wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a bayan rumfarta ta manja a kasuwar Sabon Gari. Mutumin kudu ne, ya tsufa a unguwar Muchia, amma da ƙuruciya ya yi aikin koko a Panya, tsibirin nan da ake Sifaniyanci. Ni na raka ta wurinsa. Ya ce yaren ya zube tare da haƙoransa, saura kalma guda da ba zai manta ba har kabari, kalmar zuwa. Vendré, zan zo. Vendrás, za ka zo. Vendrá, zai zo.

Ya ajiye sukundireba ya shiga nuna mana da jiki. In ka faɗe ta a hankali, hannu a ƙirji, alkawari ne. In shugaban lebura ya haɗe gira ya ce vendrás, to ba tambayarka yake ba, gara ka zo. In kuwa aka ɗaga kafaɗa aka ce vendrá, kamar yadda ake ce wa leburori in sun tambayi jirgin gida, to watakila ya zo, watakila kada ya zo.

Mama ta buɗe baki ta ce, "Bandare."

"Madam, talk am well!" in ji dattijon da Turancin buroka, wai ta faɗa da kyau.

"Baba, ai na faɗe ta daidai. Kunnenka ne ya tsufa."

Daga ranar gida ya rikice. In an ɗauke wuta, Mama ta ɗaga kafaɗa ta ce vendrá. Mijina yana tsaka da cin abinci za ta haɗe gira ta ce vendrás, ya taso da lomarsa a hannu. Kwandasta yana ihun Samaru, Samaru, tana can baya da jarkoki tana amsa masa da vendré. Ɗalibai masu haya a Bomo da ke sayen manja wurinta suka ɗauka, har matar fasto sai da ta kama. Ni kaina na ce wa akuyarmu vendrás, kuma wallahi ta zo. Na yi dariya a makonnin nan har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Dabarar Mama ita ce ta tsokani yaron na Sifen yadda take tsokanar nawa. In suna cin abinci takan ce za ta zo ta cinye, su kuwa su rungume kwano su gudu suna yi mata gwalo. Gwalon nan kawai take nema.

Lahadin da ta ga ta shirya, ta sa aka kira su daidai lokacin cin abincinsu. Ga yaron da farantin shinkafa. Mama ta matso har hancinta ya cika wayar, ta zare ido, ta nuna farantin, ta nuna bakinta.

"Maigida! Vendré!"

Yaron ya tsaya da cokali a sama. Ya dubi ubansa, ya dube ta. Sai ya sauko daga kujera, ya ɗauki farantin da hannu biyu ya fice daga fuskar wayar.

Ihu ya tashi a ɗakinmu. Mama ta miƙe tana rawa da guɗa, 'ya'yana suna buga tebur, gwangwanin madara ya faɗi da waya da komai. "Kun gani ko? Marowaci! Ya je ɓoyewa! Jinina ne!"

Da na ɗaga wayar na ga Yaya ba ya dariya. Ya dai juya tasa wayar don mu gani. Yaron ya kai farantin ɗaya gefen tebur, ya ja kujera babba ya ajiye a gabansa, ya sa cokali mai tsabta. Shi kuma yana bakin ƙofa, ya yi ɗage ya buɗe ta, yana leƙen matakala.

"Mama," in ji Yaya, "ya ce ya bar miki. Yana tambaya ko kin iso ƙasan bene."

Ban taɓa jin tausayin mahaifiyata kamar lokacin ba. Ta zauna a hankali. Ta daɗe tana kallon bayan yaron, sannan ta goge ido da bakin zane.

"Ka ce ma maigidana ya zo ya ci abinshi," ta ce, "kada ya huce."