Aduwar da ke Bayan Filin Habu

Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta cika yi mana tatsuniyar Gizo ba. Idan sanyi ya shigo, da an gama cin tuwo sai ta tara mu a bakin murhu, ta zube mana gyaɗa mu riƙa ɓarewa, ta ce, "Ga ta nan tafe, ko jaki ba ta da shi." Mu kuma mu ce, "Ta iso mu ba ta ruwa." Daga nan sai ta ɗauko labarin Filin Habu, wurin wasan yaran da muke jin ƙarar injinsa daga tsakar gida.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, gara in faɗe shi tun yanzu. A da gidanmu ba a bakin titin Gumel zuwa Maigatari yake ba. Yana can ciki, a wani ɗan ƙauye da aka tashi daga gare shi bayan rijiya ta ƙafe. A can Iya ta haifi ɗanta na fari. Ya yi wata bakwai ya rasu, aka binne shi a bayan ɗaki, gindin wata aduwa. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa zancensa, ba sa kukansa a gaban mutane. Gidajen suka rushe, wurin ya zama kufai, aduwar kaɗai ta rage alama.

Labarin kullum daga farko take faro shi. Habu ɗan kokawa ne, ɗan ƙauyenmu, ta san uwarsa. Ya kayar da mazan Gumel, ya tsallaka Damagaram ya kayar da nasu, har sunansa ya shiga rediyo. Da gwiwa ta hana shi shiga fili, sai ya dawo gida, ya kewaye wani fegi da ƙaya a bakin titi, ya rataya lilo ɗaya na tayar mota, ya ɗaure raƙumin da ya ciyo a kokawa don yara su hau.

"Raƙumin nan ya fi mai shi girman kai," in ji ta. "Wanda bai yi wanka ba, ba ya durƙusa masa. Ke, ƙawata, da ƙafa za ki dawo."

Ni ce ƙawar. Sai a fashe da dariya, in turo baki, ta ci gaba. Bayan damina biyu ƙaya ta zama waya, aka kawo lilo mai juyawa da jimina biyu, ɗaya ta haɗiye agogon wani direban Nijar. Daga baya waya ta zama katanga. Aka gina masallaci da rumfunan masu shayi, aka shimfiɗa ɗan jirgin ƙasa mai tarago uku. Da Sallah motoci na zuwa daga Gagarawa da Sule Tankarkar cike da yara. Gaban filin titi ne, saboda haka duk faɗaɗawar da za a yi baya take yi, wajen kufai.

Iya ba ta taɓa shiga filin ba. Amma duk daren da ta gama labarin, tambaya ɗaya take rufewa da ita: katangar ta kai ina? Mu da muke zuwa mu ce ta wuce kuka. Wata shekara mu ce ta haye tsohuwar rijiya.

"Aduwar fa?"

"Tana waje, Iya."

"To, ku tashi ku kwanta."

Ina shekara goma sha biyu Habu ya zo gidanmu da kansa, yana dogara sanda. Ba mugun mutum ba ne. Zai haɗe kufan cikin filinsa, shi ne yake bin tsofaffin ƙauyen gida-gida yana neman izininsu. Ya durƙusa a gaban Iya, mahaifina da wasu maza uku na tsaye. Ya ce, "Iya, ko akwai wani abu naku a wurin nan da za a kiyaye?"

Ta ja mayafinta ta dubi ƙasa. Mahaifina ya san yana da wa da ya rasu a jariri, amma ba a taɓa gaya masa inda yake ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

"Babu komai," ta ce. "Allah ya sa albarka."

Ni kuwa ina bayanta, sai na ce ai kullum Iya sai ta tambayi aduwar. Habu ya yi murmushi, ya ce indai aduwa ce, har gida zai kawo mata ita.

Bayan mako uku aka sauke sabon turmi a ƙofar gida, an sassaƙa shi daga gindin aduwar, sassaƙa mai kyau. Ta yi godiya yadda ya kamata. Ta sa aka kai shi ɗakinta, kuma ba a taɓa daka komai a cikinsa ba. Sanyin shekarar nan tatsuniyar Gizo ta yi ta yi mana. Da muka nemi ta Habu, ta ce ta ƙare.

Iya ta rasu da daɗewa. Bara na rasa 'yata ta fari, tana shekara tara, zazzaɓi ne na kwana huɗu. A zaman makoki ƙanwar Iya, wadda ido ya riga ya bar ta, ta riƙe hannuna ta gaya mini duk abin da na rubuta a sama game da ɗan Iya na fari. Ta ce ita ce ta wanke shi. Ta ce sunansa Yakubu.

Bayan arba'in na je filin. Ɗan Habu ne ke riƙe da shi yanzu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce wallahi da babansa ya sani da ya kewaye wurin. Muka zaga tare da wani tsohon mai gadi, muna neman inda aduwar take a da. Ko'ina siminti ne, da kujeru, da wurin tuƙa ƙananan motoci. Mai gadin ya nuna nan, ya sake nuna can. Na yi addu'a a tsakanin wuraren biyu, na dawo gida.

Ba na ganin laifin Iya. Abin da aka koya mata ta riƙe, kuma shekara da shekaru tana gaya mana abin da ke ranta iyakar yadda bakinta zai iya. Mu ne muka ji jimina da raƙumi, ba mu ji tambayar ba.

Yanzu ni ke yi wa yarana biyu da suka rage labarin. Ran nan na kai wajen aduwa, na ce a gindinta aka binne wan kakanku, Yakubu, kamar yadda aka binne yayarku Maryam a bayan gari. Surukata na zaune gefe tana jan carbi. Ta ɗago ta dube ni, don ba ta taɓa jin sunan Maryam a bakina ba. Na sake faɗa, sannan na ci gaba.