Maɓallin Gyara

Kamfaninmu ya fara ne a wani ɗaki a Yelwa, mu biyu, ni da ɗan baffana, da kwamfuta ɗaya da fanka mai kuka kamar akuya. Shi ke rubuta manhajar lissafi, ni kuma mai baki, ina yawo kasuwa ina rantse wa 'yan tireda cewa waya za ta riƙe musu lissafi fiye da littafin da ɓera ke ci.

Wadda ta fara yarda da mu wata Hajiya ce mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Jalingo, masara daga Iware, shinkafa daga Lau. Tana da mai awo, wani dattijo Bamumuye da kowa ke kira Baba, wanda ya tsufa yana riƙe mata mudu.

Wata guda da sa mata manhajar, ta kira ni ranta a ɓace. Wayar ta nuna kowane buhu yana ƙarewa da giɓin mudu biyu. Ni kuwa da rawar kai na ce, "Hajiya, na'ura ba ta ƙarya." A gaban Baba na faɗa. Nan take ta ce ranar Juma'a za ta sallame shi.

Baba bai yi musu ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro na, gobe ka zo ka zauna nan. Ka kawo waya naka, shi ma ya gani."

Na je, na zauna kan buhu ina jin kaina alƙali. Kafin azahar jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya sayi mudu, sai Baba ya ƙara masa damƙi ɗaya na gyara. Tsohuwa ta samu biyu. Da ya tafi cin abinci Hajiya ta karɓi awon, sai ga nata hannun ya fi nasa sakewa. Ba mai rubuta gyara, don ba wanda ke ɗaukarta a matsayin ciniki. Ni da na girma ana aike na awo ina roƙon gyara, na manta da ita don na koyi danna kwamfuta. Kunya ta kama ni sosai.

A makon muka ƙara maɓalli guda, muka rubuta masa "gyara". Maɓallin nan shi ya sayar mana da manhajar, daga masu hatsi har masu manja. Yau muna da ofis da ma'aikata, da fankar da ba ta kuka.

Baba na nan a bakin aikinsa. Hajiya ta ba shi haƙuri, ni ma na ba shi, ya ce ba komai. Amma har yau in na je sayen masara, sai ya auna, ya juye, ya ƙulle ledar ba tare da ya sake kai hannu cikin buhu ba.

"Ka duba waya," yakan ce. "Ya cika daidai."